Sai Mai Ya Yi Shiru

Ranar da ake ƙuli a gidan Goggo, tun daga bakin zaure hanci yake ba mutum labari. Ƙauyen yana can tsakanin Bichi da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, ba ka ganin daji sai dai ɗorawa da tsamiya da kuka a tsaitsaye cikin karan dawa. Tun da asuba an soya gyaɗa a kasko da yashi, an murje, an sheƙe ɓawon, yara sun kai inji sun dawo da ita a bokiti. Sauran aikin na ƙarfi ne. A juye markaɗen a turmi, a riƙa tarfa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, mata biyu ko uku suna karɓa-karɓa, har markaɗen ya murtuke ya fara gumi, mai ya taso yana ƙyalli a gefen turmi. Sai a kwashe, a matse tunkuza, a mulmula, a jefa ta cikin man da ya fito daga jikinta.

A irin wannan rana, wajen ƙarshen hunturu, na isa gidan da tsarabar da nake taƙama da ita. Kwalba ce ta gilashi, na cika ta da man gyaɗa, na zuba koren 'ya'yan kuzbara da wani abokina mai lambu ya yanko mini, na yanka tafarnuwa uku na ƙara, na toshe bakin gam. Haka na ga wata mata ta yi a bidiyo, a cikin wani kicin mai farin tayil da ban san ko a wace ƙasa yake ba. Kwana shida kwalbar ta yi a kan kanta a ɗakina a birni, sannan ta yi tafiyar awa guda a bayan mota.

Goggo ta karɓa ta ɗaga wa rana. A ƙasan kwalbar akwai wani hazo-hazo da ni ban lura da shi ba. Da ta murɗa murfin sai ya yi 'yar ƙara, kamar an buɗe lemon kwalba.

"Ɗan nan, wa ya ce maka ɗanyen abu yana kwana a mai?"

Na ce, "Goggo, a waya na gani."

Ta ce, "To wayar ta ci."

Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta sa yaro ya haƙa rami a bayan danga aka tuttular, aka rufe da ƙasa saboda kaji. A lokacin na ji haushi, don man ba arha ne da shi ba. Sai da na koma na bi diddigin maganar na gane abin da tsohuwar ta kawar mana.

Baƙuwa mai sunaye uku

Kuzbara ba 'yar gida ba ce a tukunyar Bahaushe. Mu citta muka sani da kanumfari da masoro da kimba da barkono da daddawa. Sunan ma aro ne daga Larabci, kuma da shi masu shagunan magungunan Musulunci suke kiranta, inda take zaune a jere da hulba da habbatus-sauda. Indiyawa suna ce mata daniya, Turawa kuma koriyanda. Dangin karas ce, in ka duba ganyenta na sama da furenta mai kama da lema za ka ga kamannin.

Tsohuwar shuka ce ƙwarai. Lokacin da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, wanda aka gano a 1922, an sami 'ya'yanta cikin kayan da aka binne shi da su fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A Attaura ma, da aka zo kwatanta mannu da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji, da ƙwayar kuzbara aka kwatanta shi. Yau Indiya ce kan gaba a nomanta a duniya, musamman jihohin Rajastan da Gujarat da Madiya Faradesh, kuma yawancin abin da suka noma su suke cinye kayansu.

Shuka ɗaya ce amma ƙamshi biyu take da shi, har za ka rantse ba uwarsu ɗaya ba. Ganyen yana da wani kaifi da ba kowa ke so ba. Akwai masu jin kamar sabulu suka tauna, kuma masana sun danganta wannan da gado. Wasu masu bin asalin kalmomi ma suna ganin sunanta na Turai daga kalmar Girkanci ta kuɗin cizo ya fito, saboda warin ɗanyen ganyen. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ke da kuɗin cizo, in ya murza ganyen ya sansana, ba zai yi musu da su ba. Busasshiyar ƙwayar kuwa ƙamshinta mai sanyi ne, tsakanin ɓawon lemon zaƙi da itace mai daɗi. Abin da ke ba da shi wani sinadari ne mai suna linalul, wanda shi ne kusan kashi biyu bisa uku na man ƙamshin da ke cikin ƙwayar. Wannan sinadari ya fi son mai a kan ruwa, shi ya sa in aka jiƙa kuzbara a mai take sakin abin da ke cikinta.

Koriyar ƙwaya, wadda ba ta bushe ba, tana tsakanin biyun: rabi ganye, rabi lemo, tana fashewa a baki. Mako ɗaya zuwa biyu take yi a haka kafin ta fara komawa ruwan ƙasa. Ba a ganinta a kasuwa, sai wanda ya shuka. Wannan ƙarancin ne ya sa masu girkin zamani suke rububinta, suke neman hanyar tsare ƙamshinta a kwalba.

Abokina mai lambu don ganye yake shuka ta, fangali uku ko huɗu a gefen latas da karas, yana kaiwa kasuwar 'Yankaba inda masu saye ke ɗauka don Kwarori da Indiyawa da manyan otal. Ba ta son dashe, saiwarta guda ce mai nitsewa, saboda haka a inda za ta zauna ake yafa ta. Kowace ƙwaya biyu ce a manne, sai a murza ta a tafin hannu ko a taka ta da sauƙi ta rabu kafin a shuka. Sanyi take so. In aka shuka a Nuwamba ta sami hunturu sai ta yi ganye sosai, amma da zarar zafi ya leƙo a ƙarshen Fabrairu sai ta miƙe tsaye ta yi fure, ganyen ya sirance, ciniki ya ƙare. A wurin mai lambu wannan asara ce, yakan tuge ya zubar ya sa wani abu. Alhali a daidai nan ne ƙwayar take shirin zuwa, wata uku zuwa huɗu daga shuka.

Ƙasar da ba ta hutu

Wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Minjibir da Gezawa da Bichi da Makoɗa, masana sun daɗe suna mamakinsa. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, tun 1965 shi da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga gonakin da ba a taɓa barinsu su huta ba. Amsar da ya samu kowane manomi ya san ta: taki daga turke da bola a kan jaki cikin mangala, gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa ga awaki, awaki su mayar da taki, sannan sana'ar rani. Ba a barin komai ya tafi a banza, kuma ba a barin taƙi ɗaya na ƙasa ba aiki. Da aka zo aka yi madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai da Tomas a wajen Ɗambatta, cikin shirin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai noman rani ya ƙara faɗi.

A wuri irin wannan, inda gado ya yayyanka gona har ta koma kamar tabarma, shukar da ke ba da kuɗi a ƙaramin fili tana da daraja. Fangalin kuzbara guda da aka bari ya yi 'ya'ya zai ba gida abin ƙamshi na watanni da irin baɗi.

Man gyaɗar da za a jiƙa ta a ciki kuwa a gida yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a loda musu, manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Farin farkon shekarun 1970 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda darɓa ke yaɗawa, su suka karya wannan zamani, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Dalar gyaɗa ta ɓace, amma turmin ƙuli bai tsaya ba ko na shekara ɗaya. Matan da ke cikin gida su suka riƙe sana'ar, da ita ake yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, da ita ake zubin adashi. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, ko da yake turmi da hannu ba sa iya fitar da shi duka, abin da ya saura shi ke sa ƙuli daɗi.

Kuma jiƙa ƙamshi a mai ba sabon ilimi ba ne a gidajen nan, suna ne kawai ba a ba shi ba. Wace ce za ta zuba ɗanyen mai a wake da shinkafa ko ɗanwake? Sai ta ɗora shi a wuta ta yanka albasa. Man shanu ma haka, a soya shi da albasa, wasu su jefa citta ko kanumfari, kafin ya hau tuwo da miyar kuka. A Masar suna soya tafarnuwa da dakakkiyar kuzbara a man shanu su juye a kan miyar mulukiya tana tafasa, kuma mulukiyar nan ba wata aba ba ce illa lalo. Mutanen Habasha suna dafa man shanunsu da kayan ƙamshi su tace su ajiye. Indiyawa suna fasa ƙwayoyin ƙamshi a mai mai zafi su zuba a kan wake. Duk inda ka duba cikin ƙasashen zafi, da wuta ake haɗa mai da kayan ƙamshi.

Abin da ke cikin kwalbar

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa ko'ina a duniya, masana suna kiranta Kulostiridiyom botulinom. A fili ba ta da ƙarfi, don iska tana hana ta sakat. Sai ta shige cikin wani ƙoƙo mai tauri ta kwanta, ta yi shekaru a haka, ta manne a jikin tafarnuwa ko albasa ko ganye ko duk abin da ya taɓa ƙasa. Kullum muna haɗiyar irinta ba abin da ke samun babba. Abu huɗu take jira: wurin da ba iska, ɗan danshi, rashin tsami, da ɗumi. In ta same su sai ta farka ta hayayyafa ta saki dafi, kuma dafin yana cikin mafi ƙarfin da aka sani a duniya.

Yanzu a dubi kwalbata. Mai ya rufe komai, iska ba ta shiga. Koriyar kuzbara da ɗanyar tafarnuwa cike suke da ruwa. Babu tsami. Ɗumi kuwa, a Kano ba a nemansa, watan Afrilu yakan haura digiri 40. Da gangan aka ce in gina wa wannan ƙwaya ɗaki, da ban yi wanda ya fi wannan ba.

An ga aikinta. A 1985, a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, mutum 36 suka kamu bayan sun ci abinci a wani gidan abinci da ya ajiye yankakkiyar tafarnuwa cikin man waken suya ba a firji ba. Da yawansu likitoci sun fara ɗaukar ciwon a matsayin wani abu dabam, sai daga baya aka haɗa zaren. A 1989 aka sake samun mutum uku a jihar New York ta Amurka, su ma tafarnuwa ce a man zaitun. Daga nan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wa kamfanoni su riƙa tsamantar da irin wannan haɗi kafin su sayar. Wato kwalbar kanti da mutum yake gani da tafarnuwa ko ganye yana iyo a ciki an yi mata aikin da ido ba ya gani. Mai kwaikwayo a gida hoton kawai yake kwafa.

Abin tsoron shi ne dafin ba lallai ya yi wari ba, ba lallai ya canza launi ko ɗanɗano ba. Tawa kwalbar ta yi hazo ta yi iska, ta tona wa kanta asiri. Wata ba za ta nuna komai ba. Tafasa abinci sosai na wasu mintuna yana lalata dafin, amma irin wannan mai ai don a yaryaɗa shi a kan abinci ake yinsa, ba ya komawa wuta. Shi kuwa ƙoƙon, tafasar ruwa ba ta kashe shi, sai zafin da ya kai digiri 121, irin na tukunyar matsi da kamfanonin gwangwani ke amfani da ita.

Alamun sukan fara ne tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan ci, wani lokaci su jinkirta kwanaki. Mutum ya riƙa gani bibbiyu ko dishi-dishi, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. Daga nan kasala ta gangaro kafaɗu da hannuwa har ta kai ga naman da ke jan numfashi. Babu zazzaɓi, kuma hankalin mutum yana nan garau. Duk wanda ya san ƙauye ya san sunan da za a fara ba wannan: a ce iska ce, ko sammu, ko shanyewar ɓarin jiki. Kafin a gama hayaƙi da tofi a nemi mota, numfashi ya yi nisa. Maganinsa allurar karya dafi ce da na'urar taimakon numfashi, waɗanda sai babban asibiti.

A ƙasashen da ake yayin wannan mai, shawarar masana ita ce in an yi shi da ɗanyen abu a sa a firji nan take, a cinye cikin kwana huɗu, ko a daskarar. Wannan shawara ce ga mai firjin da ba ya ɗaukewa. Namu da wuta ke kawo wa ziyara ta gaisa ta tafi, kabad ne mai ƙofa. Jami'ar Idaho ta Amurka ta fitar da wata hanya ta jiƙa tafarnuwa da wasu ganyaye uku a ruwan sinadarin tsamin lemo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 na tsawon awa 24 kafin a sa su a mai, amma kuzbara ba ta cikin abubuwan da aka gwada. Matsa lemon tsami a cikin man kuma aikin banza ne, ruwa da mai ba sa haɗuwa, zai gangara ƙasa ya kwanta.

Yadda Goggo ta yi da ragowar

Cikin sa'a ban zuba duka a kwalba ba, akwai dami guda na kawunan kuzbara a leda. Goggo ta raba shi biyu.

Kashin farko ta tsinke korayen ta wanke ta baza a faifai suka sha iska. Ta ɗan ƙwanƙwasa su a turmin yaji, ba daka ba, fasawa kawai. Ta ɗebi man ƙuli na ranar kamar ludayi biyu ta ɗora a ƙaramar tukunya a kan garwashi, ta janye itacen da ke ci. Da man ya yi ɗumi ta zuba albasa, ta bi da kuzbarar. Nan take tukunya ta ɗauki surutu, kumfa ta taso. Ba ta duba agogo ba, ba ta da ma'aunin zafi. Kunne ta sa. Wannan ƙarar, ashe, ruwan da ke cikin albasa da ƙwayar ne yake fita, kuma muddin mai yana magana akwai sauran ruwa. Ta bar shi yana yi tana juyawa jefi-jefi, ƙarar tana raguwa, kumfar tana ƙanƙancewa, har albasa ta yi ja ta ƙanƙame, tukunya ta yi tsit. Sannan ta sauke. Da daren nan a kan ɗanwake muka ci shi, da yajin ƙuli. Ƙamshin ya fito kamar an goga ɓawon lemo a cikin man, ya kwantar da ƙarnin wake. Abin da ya rage a tukunya ta tace da rariya ta zubar da tukuɗin, aka ƙarar da man washegari a kwaɗon zogale.

Kashi na biyu ta ɗaure da zare ta rataye kai ƙasa a rumfa, inda rana ba ta bugu, ta shimfiɗa tsohon zani a ƙasa don masu zubowa. Iskar hunturu da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce babbar injin busarwa da Allah ya ba yankin nan kyauta. Cikin mako biyu ƙwayar takan koma ruwan ƙasa, in ka murza ta fita daga kara da kanta, in ka tauna ta yi ƙaras. Rana tana saurin busarwa amma tana kwashe ƙamshin.

Da busasshiyar ake yin man ajiya. A ɗan gasa ta a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, kada ta yi baƙi don za ta yi ɗaci. A ɓarza. Cokali uku ko huɗu na cin abinci sun ishi kofin shayi ɗaya na mai. A ɗora a wuta marar ƙarfi kamar minti 15 zuwa 20, kada man ya yi hayaƙi, a sauke a rufe ya huce, a tace da tsumma mai tsabta har sai ba ɗigon gari a ciki. Kwalbar gilashi ta fi roba, kuma a wanke ta da ruwan zafi a kife ta bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya a gindinta ya mayar da aiki baya. A ajiye a lungu mai duhu da sanyi, gefen randa ya fi kan taga. A yi kaɗan, wanda zai ƙare cikin 'yan makonni. In ya fara warin tsohon mai ko yana maƙaƙi a maƙogwaro, ya gama aiki.

Nan ne ma ya kamata a yi maganar man kansa. Wanda aka jera a bakin titi cikin gorar ruwa yana shan rana tun safe ya riga ya fara tsufa kafin a saye shi. Sannan akwai gyaɗar da aka yi shi da ita. Gyaɗar da ta sha danshi a rumbu ko a buhu takan yi fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A jikin mutum a hankali yake aiki, yana da hannu a ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kawar da shi, kuma ya fi taruwa a ƙuli fiye da mai. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage shi. A gida kuwa maganin shi ne abin da tsofaffi ke sa jikoki yi suna gunaguni: a zauna a tsince ruɓaɓɓiya da ƙanƙararriya da mai ɗaci kafin a soya.

Mai uku, suna ɗaya

Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi ko shagunan magani neman "man kuzbara" zai iya fitowa da ɗaya daga abu uku. Akwai wanda muka bayyana, man girki da aka jiƙa ƙwayar a ciki. Akwai wanda aka matse daga ƙwayar kanta da inji, kamar yadda ake matse riɗi ko habbatus-sauda. Akwai kuma man ƙamshi tsantsa da ake fitarwa da tururi, wanda buhu guda ba ya ba da abin kirki, shi ya sa ake sayar da shi a 'yan mitsi-mitsin kwalabe. Wannan na ukun na masu turare da sabulu ne da kamfanonin abinci, yana iya ƙona fata in ba a sirka ba, kuma ba abin sha da cokali ba ne. Mai saye ya tambaya wanne aka ba shi, ya duba lambar NAFDAC.

Tun zamanin da, likitocin Girka da na Larabawa suna ba da kuzbara don kumburin ciki da rashin narkewar abinci, har yau ana shan ta a shayi don haka. Wannan daban, abin da ake ji a lasifikar bayan mota ranar kasuwa daban, inda kwalba ɗaya ke warkar da suga da hawan jini da basir da sanyi da raunin mazakuta. Man kuzbara kayan miya ne mai daɗi. Mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa saboda shi ya cuci kansa.

Ko akwai kasuwa a nan ga matan ƙauye? Ina ganin akwai, amma ta busasshiyar hanya. Kasuwar Dawanau tana nan a bakin hanyar Katsina, riɗi da zoɓo da citta suna fita daga cikinta zuwa ƙasashen waje a manyan motoci, yayin da 'yar kuzbarar da ake sa wa a garin kori da kayan shayi galibi daga waje take shigowa. Mace mai turmin ƙuli, in mijinta ko ɗanta ya bar mata fangali biyu su yi 'ya'ya, tana da mai, tana da ƙwaya, tana da iskar busarwa. Abin da ya rage mata kwalba mai tsabta da takardar da za ta rubuta ranar da aka yi. Malaman gona na hukumar KNARDA da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta suna iya ɗaukar wannan su gwada a fili, su auna kwanakin da man ke yi a zafinmu, su faɗa wa mata da Hausa a rediyo. Abin da bai kamata a bari ya shiga talla ba shi ne kwalba mai koren ganye ko ɗanyar tafarnuwa a ciki, komai kyanta a hoto.

Mai karatu, in akwai irin wannan kwalba a kicin ɗinka ko na matarka yanzu, wadda aka zuba wa ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyen attaruhu ko koriyar ƙwaya ta kwana a waje, kada a ɗanɗana don a gwada. A binne abin da ke ciki inda yara da dabbobi ba za su kai ba. In kuwa wani ya riga ya ci, ya wayi gari yana gani bibbiyu ko haɗiya tana yi masa wuya, a wuce da shi babban asibiti a ranar, a tafi da kwalbar a nuna wa likita.